Sawun Farin Wata

Tun da aka sa dokar kulle a birnin Ulanbatar zama ya gagari Tungalag. Malamar motsa jiki ce, mai shekara arba'in da ɗaya, wadda ta saba gudun kilomita goma a bakin kogi kowace safiya ko da sanyi zai daskarar mata da gashin ido. Yanzu ga ta a hawa na biyu, taku bakwai daga ƙofa zuwa taga. Sai ta riƙa gudu a tsaye a gaban talabijin, har tsoho Gombo na hawan ƙasa ya ɗauki cokali ya ƙwanƙwasa bututun ɗumama ɗaki, sannan ta daina. Ta goge tagogin da ba su yi datti ba. Ta naɗa ƙullin fulawa mai nama a ciki guda ɗari huɗu na bikin sabuwar shekara ta jera a baranda suka daskare, alhali ta san babu baƙon da zai zo ci.

Amma ba nata ƙafafun ne suka fi tsaya mata a rai ba, na mahaifinta ne. Namsrai ya yi shekara talatin yana bin layin dogo a ƙafa yana duba ƙusoshi, sai ga shi da kaka ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da ƙyar aka samu ya koma takawa da sanda har zuwa bencin tsakar gida. Ranar da aka hana fita ya zauna a kujerar bakin taga, ya yi mirsisi. Likita ta faɗa mata ta waya, ba ta ɓoye komai ba: in ya yi wata guda bai taka ba, ƙafar za ta sandare, kuma ba za ta ƙara dawowa ba. An riga an cinye kwana goma sha shida.

"Baba, tashi mu je ƙofa mu dawo. Sau biyu kacal."

"In je ƙofa in ɗauko me?"

"Takawa ce dai."

"Takawa? Wannan zaryar da kike yi kamar akuyar da aka ɗaure? Ke ki yi ta yi, kin ishe mu mu biyu."

Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ɓoye masa sukari, duk a banza. Wani lokaci haushi kamar ta ɗauke shi cak ta dire a ƙasa, wani lokaci tsoro ya sa ta shiga bayi ta rufe ƙofa ta yi kuka.

Ana jajiberin Farin Wata, bikin sabuwar shekara, shi da kansa ya yi magana. "Duba mini wayarki. Mu 'yan shekarar Kare, ina za mu fitar da sawu bana?"

Murna ta kama ta. Ta manta sam. Kowace shekara da sassafen ranar farko kowa yakan fita ta nahiyar da ta dace da dabbar shekarar haihuwarsa, ya dawo ta wata, don hanyarsa ta buɗe har ƙarshen shekara. Namsrai bai taɓa fashi ba, ko a shekarar da ya binne matarsa. Ta duba jadawalin: ya fita arewa maso yamma, ya dawo ta gabas. Murnar ta koma ciki. Wannan zagaye gidan benen ne gaba ɗaya, ta filin wasan yara, daidai inda ɗan sanda ke tsayuwa a bakin titi. Doka ba ta yarda da fita ba sai don sayen abinci, shagon kuwa yana kudu, taku ɗari daga ƙofa.

"Kudu," in ji ta. "Ka fita kudu, ka dawo ta kudu maso gabas."

"Kudu?" in ji shi. "To. Idona ba ya gani, naki ke gani."

Ta juya ta shiga kicin don kada ya kalli fuskarta. Ta ce wa kanta taku ɗari taku ɗari ne, ƙafa ba ruwanta da kudu ko arewa.

Gari na wayewa ta dafa shayin madara da gishiri, ta sa masa babbar rigarsa shuɗiya mai shimfiɗar fatar rago a ciki, ta ɗaura masa ɗamara, ta ɗaura masa takunkumi. Matakala ashirin da biyu ta ci musu minti goma sha biyar. Da suka buɗe ƙofar waje sanyi ya mare su, dusar ƙanƙara tana ƙas-ƙas a ƙarƙashin takalmi. Ta riƙe hannunsa na hagu, ɗayan hannunta riƙe da jakar cefane don shaida. Ya taka ɗaya, ya ja ɗaya. Ita kuwa cinyoyinta har rawa suke yi don son gudu.

Sun yi taku talatin sai ƙaramar tagar hawan ƙasa ta buɗe, kan Gombo ya leƙo.

"Kai Namsrai! Barka da shekara. Ashe kana raye? Ina kuma ka nufa?"

"Sawu nake fitarwa, makaho."

"Ta kudu? Wane ne makahon a nan? Ni da kai shekara ɗaya aka haife mu. Arewa maso yamma ne, ka dawo ta gabas! Ni tun ɗazu na sulale na yi nawa. Ko ciwon ya taɓa kan ne ma?"

Tagar ta rufe. Namsrai ya tsaya. Ya dubi sawunsa a dusar ƙanƙara, ɗaya cikakke ɗaya jaye, duk sun nufi kudu. Sannan ya dubi 'yarsa. Tungalag ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Baba, ɗan sanda yana can. Kuma da nisa, ba za ka iya..."

"Sake ni."

"Baba."

"Na ce sake ni. Shekara guda za ki ɓatar da ni saboda shago?"

Ya zare hannunsa. Ya juya da ƙyar, ya kafa sanda, ya kama hanyar arewa maso yamma shi kaɗai, abin da bai yi ba tun kaka. Ta bi shi a baya taku biyu, hannuwanta a buɗe kamar mai bin yaron da ke koyon tafiya. Sau biyu ya yi tangaɗi, sau biyu ta kai hannu ya ture da gwiwar hannu. Ya wuce benci. Ya wuce lilon yara da dusar ƙanƙara ta binne.

Ɗan sandan babban mutum ne, furfura ta leƙo ta gefen hularsa, yana ta buga ƙafa a ƙasa don sanyi. Ya tare su.

"Dattijo, ina zuwa? Shago ba ta nan yake ba."

Tungalag ta ɗaga jakar, bakinta ya buɗe da wata ƙaryar. Mahaifinta ya riga ta.

"Sawu nake fitarwa. In kamawa za ka yi, ka bari in dawo ta gabas tukuna."

Ɗan sandan ya dubi sandar, ya dubi ƙafar da ake ja. Ya share hanci. "Zan taka zuwa tashar bas in dawo. In na dawo kada in ga kowa a nan."

Tashar bas ba ta da nisa, gidan benen kuwa yana da ƙofofi shida a jere. Ba su kai rabin bayan gida ba Tungalag ta hango ɗan sandan yana dawowa.

"Baba, hau bayana. Da gudu zan kai ka, ba wanda zai sani."

"Sawun wa zai fita, nawa ko naki?"

Ɗan sandan ya iso bakin titi, ya tsaya, ya gan su sarai. Sai ya duba agogonsa, ya juya ya sake nufar tashar bas. Sau uku ya yi wannan zaryar zuwa tashar da ko bas ɗaya ba ta shiga.

Da suka sha kwana ta ƙarshe rana ta fito ta bugi fuskokinsu, tururi na tashi daga kan tsohon. Ya iso ƙofa ta gabas, ya dafa bango, ƙirjinsa yana hawa da sauka. Sai a lokacin ya miƙo mata hannu, ta kama.

"Kada ki ƙara yi mini ƙarya a kan hanya," in ji shi.

"Ba zan ƙara ba."

"Ko mutuwa ce a gaba, ki faɗa mini ta ina take."

Hawaye suka zubo mata, suka daskare a bakin takunkumi. Ya ɗaga ƙafar hagu ya ɗora a matakala ta farko, ya tsaya yana kallon ƙafar kamar baƙon da ya daɗe bai gani ba.

"Taku ɗari shida da goma sha huɗu," ya ce. "Da ina aiki ko ƙirgawa ba na yi sai na wuce dubu. Gobe ki tashe ni da wuri."