Baƙin Tursun

Sunansa Mailafiya, kuma duk wanda ya san shi a unguwar Hindawiyya ta Makka zai shaida cewa bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, duk faɗan da bai yi da baki ba yana yin sa a ciki, a kan teburin guga. Sana'arsa ke nan, wanki da guga. Idan ya zuba garwashi a dutsen guga ya shimfiɗa farar riga, sai ya ɗauko wata magana da aka faɗa masa tun bara, ita ma ya shimfiɗa ta, ya yi ta bin ta gaba da baya har ta fara ƙauri.

Da ƙafa ya zo Makka daga ƙasar Haɗeja, ta Sudan, tun yana saurayi. Da ya gama aikin hajji ya ce zai ɗan huta kafin ya koma, hutun nan ne har yau bai ƙare ba. Ba shi da ikama, wato takardar izinin zama. Abin da yake da shi ɗaki ne na kwano a bakin unguwa, inda gidaje ke ƙarewa duwatsu su fara, sai matarsa Safara'u, sai katanga ɗaya da ta raba shi da maƙwabcinsa.

Maƙwabcin nan Tursun ne, mutumin Buhara, mai gasa tamis, burodin nan mai faɗi kamar faifai da ake mannawa a jikin tanderu. Gajere ne, ja jawur, wutar tanderu kuma ta ƙara masa. Idanunsa ƙanana, muryarsa babba. Shekara da shekaru suna zaune lafiya. Mailafiya na goge masa rigar Juma'a, shi kuma yana ɗebo masa garwashi daga tanderu kowace safiya. Matansu na miƙa wa juna kwano ta kan katanga, shinkafar Buhari ta hauro, tuwo da miyar kuka su haura, ko da yake ba a taɓa tabbatar da abin da iyalin Tursun ke yi da miyar kukar ba.

Wata safiya layi ya yi tsawo a bakin tanderu. Ga 'yan Yaman masu aikin gini, ga wani tsohon Bajawe daga tsibiran gabas mai nisa, ga Hausawa nan da can. Mailafiya na can baya da kaskon garwashinsa. Tursun ya hango shi, ya ɗaga hannu ya ce da Larabci a ba shi hanya. Sannan ya nuna shi da yatsa, fuskarsa cike da murmushi, ya kwaɗa wata kalma ta Hausa, harshen da Mailafiya bai taɓa ji a bakinsa ba.

"Haza baƙi! Baƙi! Ta'al, ya baƙi!" Wato, wannan baƙi ne, taho, ya baƙi.

Wani Bahaushe a layi ya yi dariya, ya rufe baki da hannun riga. Tursun ya cika kaskon da garwashi, ya ɗora masa tamis mai zafi a ɗaya hannun, ya ce kyauta ne. Mailafiya ya karɓa, don hannunsa ya riga tunaninsa. Da ya isa gida ya ba akuyar wasu 'yan Sudan burodin.

Ranar nan teburin guga ya ga aiki. Takruni dai ya saba ji, haka ake kiran duk wanda ya fito daga ƙasashenmu. Har wata kalmar da ta fi wannan muni ya sha ji a bakin yara a unguwar Misfala, duk da shelar hana bauta da aka yi ba da daɗewa ba. Amma waɗannan da Larabci suke zuwa, su bugi kunnensa su gangara. Wannan kuwa, mutum ya tashi takanas ya koyi kalma ɗaya tak a harshenka, kuma ita ya zaɓa! To amma, in ji wani ɓangare na zuciyarsa, ƙarya ya yi? Baƙi ne shi, haka Allah ya yi shi, bai taɓa neman canji ba. Gaskiya tana iya zama zagi? Murmushin da mutumin ya yi, rage laifin yake ko ƙara shi? Burodin fa, kyauta ce ko sadaka? Yana cikin wannan ya ƙona wuyan rigar wani ɗan kasuwa.

Daga ranar ya daina zuwa ɗibar garwashi, ya koma sayen gawayi. Rigar Juma'a kuma ya aika cewa aiki ya yi masa yawa. Idan Tursun ya yi masa sallama yana amsawa, tunda wajibi ce, amma daidai gwargwado, babu ƙarin rahama balle albarka. Tursun kuwa bai fasa ba, ko daga nesa ya hango shi sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ya baƙi!" Mailafiya bai gaya wa kowa ba, har Safara'u, wadda a lokacin take ɗauke da cikin da suka daɗe suna roƙo har sun fara jin kunyar roƙon.

Allah ya sauke ta lafiya, ta haifi mace. Gwaggon Safara'u, Ɗaso, tsohuwar da ke sayar da gyaɗa a gefen tanderun Tursun, ta ajiye tirenta ta dawo kula da mai jego. Ranar suna na matsowa, Ɗaso ta fito ta sami Mailafiya a kan guga.

"Ka je wurin Tursun?"

"Ban je ba, Gwaggo."

"To a ina za a yi sunan? A kan teburin nan?"

Al'adar unguwar ce, mai hoshi, wato farfajiyar gida mai katanga, yakan buɗe shi ga maƙwabci in biki ko rasuwa ta taso. A duk layin kuwa Tursun kaɗai ke da hoshi. Ɗakin Mailafiya in mutum uku suka zauna, na huɗu sai ya bar ƙafarsa a waje.

"A yi a titi," in ji shi.

"A titi! Ka tara mana mutanen da rabinsu ba su da ikama, da rago, da hayaniya. Ka aika wa 'yan sanda goro ma, su zo da wuri."

Sai muryar Safara'u ta fito daga ɗaki, a hankali. "Malam, babu sunan da ban je ba a unguwar nan. Na yi daka, na yi tuƙi, na wanke kwanuka, na dawo ɗakin nan ni kaɗai. Ina so ni ma a zo nawa."

Wannan magana ba ta buƙatar guga. Mailafiya ya ajiye dutsen, ya shiga ya tsuguna a bakin ƙofa, ya kwashe labarin duka ya faɗa, har da akuyar.

Ɗaso ta dube shi. "Maimaita yadda ya faɗa."

"Baƙi."

Tsohuwar ta zauna daɓas a kan turmi ta yi ta dariya har ɗankwalinta ya zame. Da ƙyar ta samu numfashi. "Wayyo ni Ɗaso! Ai ni na koya masa! Zuwa ya yi ya ce, ya hajja, duyuf, mutanen da ake girmamawa a sa su gaba a ba su abinci, me kuke ce musu? Na ce baƙi. Jam'in baƙo, kai ɗan nan! Na yi ta cewa ya ja ta, baaƙi, baaƙi, bakinsa ya ƙi. Mutumin da har yau jada yake ce wa gyaɗa!"

A rubuce kalmar ɗaya ce. A baki ne suka rabu. Ta masu zuwa gida ana jan farkonta a saukar da murya, ta launi kuwa ana tsinke ta gajeriya. Bahaushe ba ya ruɗa su ko cikin barci, shi ya sa bai taɓa zuwa wa Mailafiya a rai cewa wani zai iya ba.

"Malam," in ji Safara'u, tana gyara wa jaririya zane, "kai me kake ce masa a cikin ɗakin nan?"

Ta amsa da kanta, tana kwaikwayon muryarsa.

"Jan nan ya tashi. Jan nan ya kunna wuta. Hayaƙin jan nan ya dame ni."

"Ni a cikin ɗaki nake faɗa."

"Ɗakin kwano ne, Malam. Sa'ar da ka ci, ba ya jin Hausa."

Wani zai ce magana ta ƙare. Amma Mailafiya ya koma kan tebur, ya goge hannun riga ɗaya, ya dawo fuska a murtuke.

"To baƙo ne ni? Na riga shi zuwa unguwar nan. Da hannuna na taya shi ɗaukar duwatsun da ya gina tanderun."

Ba wasa yake ba. Ga mutumin da ba shi da takarda, baƙo ita ce kalmar da za a kira shi da ita ranar da za a sa shi a jirgin ruwa a Jidda a mayar da shi gida. Launinsa dai nasa ne, babu mai raba shi da shi. Zamansa a Makka kuwa ana iya raba shi da shi gobe da safe. Sai ya ga kamar ma ta farkon ta fi sauƙi.

"Wannan kuma ka je ka tambaye shi," in ji Ɗaso. "Ni gyaɗa nake sayarwa."

Bayan la'asar ya ɗauki kaskon garwashi, don kada ya je hannu sake, ya zagaya. Tursun na kwaɓa ƙullun gobe. Yana ganinsa ya miƙe, gari har gira.

"Ya baƙi! Ahlan!" Sai kuma murmushin ya ragu. Ya ci gaba da Larabci. "Garwashina ya daina kama wuta ne? Na tambayi matata ko na yi maka laifi, ta ce wataƙila tamis ɗin ranar ya ƙone."

Mailafiya ya ajiye kasko. Ya tsunkuli fatar hannunsa ya ɗaga. "Amm Tursun, yadda kake faɗar kalmar nan, wannan kake kira. Aswad."

Mailafiya bai san mutum ja zai iya ƙara ja ba sai ranar. Tursun ya dafa kai da hannun ƙullu. "La haula! A gaban mutane! Kullum!" Ya dubi hannun Mailafiya da har yanzu ke ɗage, ya ce a hankali, kamar mai taka ƙaya, "To amma, ya Mailafiya, kai ɗin baƙi ne."

"Baƙi ne."

"To laifin a ina yake?"

"Tun ranar nake nemansa. Na tabbata yana nan, ban dai gano inda ya zauna ba." Ya sauke hannu. "Kuma ɗaya ma'anar ma ba ta yi mini ba. Ni ba baƙo ba ne. Na riga ka zuwa nan."

Tursun ya goge hannu a zanen da ya ɗaura. "Ni kalmar da ta fi kowace girma na nema. A garinmu babu wanda ake ba wuri sama da baƙo. Garin ma ban san shi sosai ba, a bayan jaki aka fito da ni, kuma babu komawa. Shekara nawa ina gasa wa mutanen nan burodi, har yau ya Buhari suke ce mini, kamar ubana bai yanka rago ba." Ya ɗaga kafaɗa. "To koya mini wadda ta dace. Jar, wanda kuka haɗa katanga, me kuke cewa?"

"Maƙwabci."

"Ma... makafi."

"Waɗannan marasa gani ne."

"Makab... makabarta?"

"Subhanallahi! Tsaya nan. Kada ka ƙara gaba." Mailafiya ya dubi bakin nan da ke shirin sake gwadawa, ya ga abin da zai iya fitowa ranar suna a gaban jama'a. "Koma kan ta farkon. Na yafe."

Sannan ya gyara murya, ya fara kewaye-kewayen roƙon da ya kawo shi. Tursun bai bari ya kai ƙarshe ba. Ya ja shi ta hannu ya tura ƙofar hoshi. An share shi tas, an yayyafa ruwa, an jingina tabarmi a jikin bango, ga babbar tukunyar shinkafa an wanke an kife.

"Tun ranar da muka ji kukan jaririya ta katanga," in ji Tursun. "Matata ta ce in je in gaya maka. Na ce ya daina shan garwashina, bari mu ga ko zai zo."

"Ba a shan garwashi."

"Da Larabcinka kake gyara mini nawa?"

Ranar suna hoshi ya cika. An zo daga unguwar Mansur, an zo daga Jarwal, mata suka haura ta wajen matar Tursun, aka raɗa wa yarinya Asiya. Tursun ya sa rigar Juma'a, an goge ta har tana ɗaukar ido, ya tsaya a bakin ƙofa yana tarbar kowane Bahaushe da babbar muryarsa.

"Baƙi! Ahlan wa sahlan, ya baƙi!"

Mailafiya na tsaye a gefensa yana raɗa wa duk wanda ya ga ya ja tunga, "Masu zuwa yake nufi. Ku ja masa da kanku, bakinsa ba ya ja."

"Ikon Allah," in ji wani dattijo ɗan Sakkwato, yana duban mai gidan sama da ƙasa. "Duk jikinsa ja, bakin kawai aka hana."

Daga ciki ana jin guɗa, da muryar Safara'u tana amsa barka, tana amsawa, har ta dushe.

Washegari Mailafiya ya karɓo garwashinsa da tamis mai zafi, ya ci rabi a tsaye. Da ya shimfiɗa rigar farko, sai wata tambaya ta zo ta kwanta a gefenta. Burodin nan da ya ba akuya, wajibi ne ya gaya wa Tursun, ko rufe bakin ma wani haƙƙin maƙwabtaka ne? Ya hura garwashin ya fara da wuyan rigar.