Yaren Kakar Kellu

Shekara arba'in matata Kellu tana yi mini faɗa da Kanuri, tana ciniki da Hausa. Da ɓarin jikinta ya shanye, duka biyun suka tafi, sai Gamargu ya rage, yaren kakarta, wanda ban taɓa jin ta yi ba.

Likita ya ce, "Baba, nemo mai jin yaren." Na zaga unguwar Bulabulin ban samu ba. Ƙauyensu kuwa an watse, hanyar ma a rufe take.

Kullum da safe takan kama hannuna ta maimaita magana guda, mai daɗin sauti kamar ana zuba gero a ƙwarya. Na kawo ruwa, ta kawar da kai.

Yau, ko da ban gane ba, na ce mata, "To." Ta saki hannuna, tana jira in tashi in yi.