Shaiɗan Daga Kurfi

"Murja! Ki zo, ga shi nan yana ƙonewa kuma!"

Murja ta saki muciya cikin tukunya, ta bi ta 'yar ƙofar da ke tsakanin gidajen biyu. Maƙwabciyarta Inna Saratu na kwance kan katifa, ta ƙanƙame waya da hannu biyu. A cikin wayar, mijinta marigayi Baba Manu ne tsaye cikin rami, hayaƙi ya turnuƙe shi, yana roƙon ɗigon ruwa.

Fim ne fa. Shekara shida da suka wuce matasan cocin su Inna suka haɗa shi don tunatar da mutane lahira, da waya guda ɗaya da himma mai yawa. Duk Dutsin-Ma an sha dariyarsa, Kirista da Musulmi. Aljannar gonar tumatir ce a bakin madatsar ruwa ta Zobe. Mala'iku sun yafa zannuwan gado, ɗaya ma da agogo a hannu, kuma ana tsaka da hisabi wani ɗan acaɓa ya gifta ta bayansu da buhun masara. Wutar kuwa tsofaffin tayoyi ne. Baba Manu, tsohon malamin firamare da ko kaza sai ya ba wani ya yanka masa, shi aka ba attajirin da ya shiga wuta, don kawai shi ke da tumbi. A lokacin Inna Saratu ta fi kowa ƙyalƙyala dariya.

Yanzu babu dariya. Tun da ciwo ya kwantar da ita tunaninta ya rikice, ta manta an taɓa yin wani fim. Asibiti sun ce a mayar da ita gida, ɗiyarta na kan hanya daga Kaduna. Fasto ya zo da safe ya yi addu'a, ko kallonsa ba ta yi ba. Sau biyu Murja na ɓoye wayar, sai ihun ya fi na da.

"Inna, wasa ne. Taya ce aka ƙona."

"Ke ba ki ji muryashi ba? Shekara arba'in da ɗaya ina jin muryan nan." Ta damƙi hannun Murja. "In Manu bai tsira ba, ni wace ce?"

Matar nan ce ta karɓi haihuwar 'ya'yan Murja uku, ga ta za ta bar duniya cikin firgici, kuma Murja na tsoron ta tsaya tana kallo. Sai wata dabara ta faɗo mata. Wanda ya fito a Shaiɗan ai Audi ne, mai faci a tashar Kurfi. In Inna ta gan shi ba ƙaho, da rigarsa ta kullum, dole ta tuna wasa ne. Ta sa mijinta ya kira shi, har tana yaba wa kanta.

Bayan azahar Audi ya iso, daga bakin aiki, hannuwansa baƙi ƙirin. Ya tsaya a ƙofar ɗaki ya tare haske, warin ƙonanniyar roba ya riga shi shiga, sannan ya yi sallama. Abin da Murja ta manta shi ne, kuɗin masu fim bai kai su rufe masa fuska ba. Ƙahonin bijimi kawai suka ɗaure masa a hular kwano. Fuskar ita ce, wushiryar ita ce, muryar ma ita ce.

Inna Saratu ta ja jiki zuwa bango, tsohuwar da kwana huɗu ba ta iya juyawa da kanta.

"Ya zo! Murja, ya zo ɗaukata!"

Murja ta san ita ta jawo wannan da hannunta. Audi ya juya zai gudu, ta cafke gefen rigarsa.

"Malam Audi, in ka fita yanzu, da wannan za ta tafi."

Ya durƙusa a bakin ƙofa, gumi na keto masa. "Inna, ni ne, Audi mai faci. Ɗan Fatu na Tamawa."

"Ka sakan mani miji."

Audi ya kalli Murja. Mutum ne mai tsoron Allah, tun bayan fim ɗin ba ya son ko a tsokane shi da sunan nan, yanzu kuma ga mai mutuwa na roƙonsa da shi.

"Na sake shi, Inna."

"Ƙarya kake. Aikinka ke nan."

"Allah shaida, da hannuna na jawo shi daga ramin. Wutar ta mutu, har ƙasa muka zuba mata. Na ɗebo mashi ruwa ya sha moɗa biyu, ya wanke fuska. Ya ce a kai shi gida maza, Saratu na jiranshi da tuwo."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, haka aka yi ranar da aka gama ɗaukar fim ɗin. Inna ta dube shi, numfashinta na sama-sama.

"Haka yake," ta ce. "Bai son tuwo ya huce." Can kuma ta ce, "Ni fa?"

Audi ya girgiza kai. "Ba ni da komi da ke, Inna. Ba sunanki wajena."

"To tashi ka ba ni wuri."

Ya fita da baya, yana share fuska da hular kansa. Murja ta gyara mata kwanciya, ta zare wayar daga hannunta, wannan karon ba ta hana ba. Inna ta ce zafi take ji. Murja ta ɗauko mafici ta zauna gefen katifa.

Ladan bai gama kiran la'asar ba ƙirjin Inna ya daina motsi. Murja ta gani, amma ta ci gaba da yi mata fifita.