Katafila a Bayan Raga

Tun kafin zaɓe aka kawo katafilar aka ajiye ta a bayan ragata. Ni ne gola, don haka na fi kowa ganinta. Duk ƙwallon da ta tsallake raga sai ta daki ƙarfenta ta dawo.

Magajin gari ne ke son mayar da filinmu wurin ajiye motoci. Amma ba ya iya taɓa filin unguwa sai kansilan unguwar ya sa hannu. Kansilanmu kuwa, mai gidan man bakin titi, ya ce da an gama zaɓe zai sa. Shi ya sa Koci, mai horar da mu, ya fito takarar kansila don ya kara da shi. Koci facin taya yake yi, bai taɓa shugabantar komai ba sai mu. Hotunansa ma da gam ɗin faci muka manna su.

Direban katafilar kawuna ne, ƙanin Umma. Ma'aikacin hukumar gari ne, abin da aka ce ya ture shi yake turewa.

Ranar faɗin sakamako, da la'asar, muka taru a tsakiyar fili. Ba wanda ya taɓa ƙwallo. Tsinke, mai buga mana lamba tara, ya kunna rediyon wayarsa ya jefa ta cikin bokitin ƙarfe don murya ta fito. Wata jami'ar hukumar zaɓe ce ke karantawa, gari bayan gari, duk faɗin lardi. Ba ta sauri ko kaɗan.

Kawu ya sauko daga katafila ya zauna kusa da ni a kan tsohuwar taya.

"Gola, ko gaisuwa babu?"

"Sannu, Kawu."

"Sannun nan naka kamar jifa. Ni fa ba ni na zana wurin motocin ba."

Ya juya wajen Koci, wanda ke ta kai da komo da usur a wuya.

"Onarabul, zauna mana. Za ka cinye takalmin tun kafin a ba ka ofis."

"Kai dai ka riƙe makullinka a aljihu," in ji Koci.

Rediyo ya ce a garin da ke gabas da mu magajin gari ya faɗi. Muka yi tsalle kamar mu aka ba kujerar, alhali ko sunan mutumin ba mu sani ba. A wani garin kuma wata malamar asibiti ce ta ci. Tsinke ya ce iskar canji ce, tana tafe, ya ji ta a ƙashinsa.

"Wane ƙashi?" in ji Kawu. "Kai duk jikinka ai ƙashi ne."

Sai aka zo garinmu. Magajin gari ya koma kujerarsa.

Kawu bai yi dariya ba, ƙasa kawai ya kalla. A filin nan na koyi faɗuwa ba tare da na karye ba. Tun da na gama sakandare ba inda ake jirana da safe sai nan.

"Saura kansiloli!" Koci ya daka mana tsawa. "An tashi wasa ne? Wa ya ji usur?"

Matar ta fara jero mazaɓu. Ta kasuwa, ta tasha, ta bayan asibiti. Muka matso, kai da kai a bakin bokiti, har muna jin numfashin juna. Ta ambaci mazaɓarmu. Ta ambaci mai gidan mai da ƙuri'unsa, masu yawa ƙwarai. Ta ja numfashi.

Bokitin ya ɗauki ƙara. Kira ne ya shigo, rediyo ya yanke.

"Kashe! Kashe!"

Tsinke ya duba fuskar wayar, idonsa ya raina fata. "Mamata ce."

"Ka kashe, ka ba ta haƙuri gobe!"

"Ku ba ku san ta ba." Ya ɗaga. "Mama, don girman Allah... Eh... Na saya... A kan firij na ajiye... Mama, a kan firij!"

Wani ya kai masa duka a ƙeya. Kafin ya mayar da rediyo, matar har ta wuce mazaɓar gaba.

Sai muka ji ihu daga cikin unguwa. Ya taso daga layin makaranta, ya bi ta wajen masu shaguna, yana ƙaruwa. Na wa ne? Mai gidan mai ma yana da mutane a layin nan. Koci ya tsaya cak, usur a baki, bai busa ba.

Wata mata ta ɓullo daga kwana a guje, takalmi a hannu. Matar Koci ce. Ban taɓa ganin ta ko da saurin tafiya ba.

"Baban yara!" Numfashi ya ƙi ta. Ta dafa gwiwa. "Kai ne! Wallahi kai ne!"

Ban san lokacin da na ɗauki Koci ba. Na dai gan shi a kafaɗata yana busa usur kamar zai tsage shi. Tsinke na buga bokiti, wayar na ciki. Yara suka cika fili, mata suka fito ƙofar gida, masu babura suka shigo suna zagaya da'irar tsakiya. Koci yana ta ihu a kaina:

"Ku fitar da baburan nan! Za ku ɓata min fili!"

Kawu ya koma gefe yana waya, yatsa a ɗaya kunnen. Da ya gama ya zo ya ja rigata.

"Oga ya ce in mayar da katafilar gareji."

"Yau?"

"Yanzu. Amma ajiye Onarabul tukuna, ka shiga ragarka. Duk zaman da na yi a saman motar nan ina kallonka, na lura hagunka ba ta da ƙarfi."

Aka ja baya aka ba shi wuri. Ya ajiye ƙwallo, ya naɗe ƙafar wando a kan takalmin aikinsa mai kan ƙarfe. Sabon kansila da kansa ya busa. Kawu ya taho da tumbinsa ya narka ta hagu.

Na kama.

"Ɗan banza," in ji Kawu, yana haki. "Ko kunyar uwarka ba ka ji."

Ya hau katafila ya tayar. Ya bi ta gefen layi a hankali, bai taka cikin fili ba.