Sai Citta

Boaz manomin citta ne a bayan garin Kafanchan, kuma duk unguwarsu ba a yi mai taurin hannu irinsa ba. Shi ya sa da labari ya fito cewa yana saya wa wata fure a waya, ba wanda ya yarda da farko.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar matarsa, yara duk sun watse, gida ya yi masa faɗi. A haka ya faɗa wani dandali na manya, irin wanda mata ke fitowa kai tsaye a bidiyo, maza na tura musu kyauta. Furen na hoto ne, amma kuɗin da ake cirewa na gaske ne. Can ya ga wata mai suna Peculiar. Ba ta magana da baki, wai makirufonta ya lalace, sai murmushi da ɗaga hannu, hira kuwa a rubuce. Ta ce ita ’yar garin Nok ce, nan yankinsu, karatu ya kai ta Legas, kuma duk cikin masu kallonta shi kaɗai ne mai hankali. Wayyo Boaz! Ya ji daɗin maganar nan har cikin ƙashinsa.

Ranar wata Talata da hantsi yayarsa Milka ta zo karɓar aron turmi, ta tarar da shi a gindin mangwaro ya sa rigar zuwa majami’a yana yi wa waya murmushi. Milka kuwa ba a ɓoye mata abu. Kafin ta zauna ta riga ta tatse shi tas. Peculiar za ta zo Kafanchan ganinsa, amma tana son kuɗin mota da na tsaraba, kuma kada ya bi ta dandalin, wai suna yankar rabi. Ta ce ya tura kai tsaye asusun wani ɗan’uwanta Christopher. Kuɗin da ya rage wa Boaz kuwa na sayen irin citta ne, wanda in ya tafi, gonarsa bana sai ciyawa.

Milka ta ce ita ba ta taɓa jin budurwar da sunan asusunta Christopher ba. Ya ce ai ita komai sai ta sa masa ido. Ta ce ya tambaye ta ’yar gidan wa ce a Nok. Ya ce ya tambaya, ta ce masa marainiya ce. Ransa ya fara ɓaci, don shi da gaske yake son yarinyar, kuma ya gaji da cin tuwo shi kaɗai.

Suna cikin haka saƙo ya shigo, tana tambaya yaushe zai turo. Kuɗin yana wurin dillalin cittarsa, ba zai karɓa ba sai Asabar. Sai ya rubuta yadda kowa ke faɗa: gobe ba zai yiwu ba, jibi da gata ma haka, sai citta.

Amsa ta dawo nan take. Milka ta leƙa ta karanta da ƙarfi:

“Masoyi, ba na buƙatar citta, ina da kayan yaji a gida. Kuɗi za ka turo.”

Boaz ya sake karantawa. Ya rubuta mata cewa citta fa, ranar da ke bin gata. Ta amsa cewa Gata mutumin kirki ne, ya gaishe shi.

Nan Milka ta zame daga kan benci ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye. Ta ce ’yar Nok, ’yar Nok ɗin da ta sani, ba ta san gobe, jibi, gata, citta ba? Wannan ko Hausa ba ya ji, na’ura ce ke juya masa magana. Shi kuwa Boaz sai yanzu idonsa ya buɗe. Ya zuba wa bidiyon ido, ya ga ta gyara gashi, ta ɗaga hannu, ta sha ruwa, can kuma ta sake gyara gashi, ta ɗaga hannu, ta sha ruwa. Sati uku yana gaida tsohon bidiyo da rigar majami’a.

Kunya ta kama shi, ya so ya yi fushi, amma dariyar ta fi ƙarfinsa. Ya ce aƙalla Gata ya samu gaisuwa. Milka ta sa shi ya toshe lambar a gabanta, ya kai ƙara a dandalin, ya cire katin bankinsa daga ciki. Kuɗin furen da ya riga ya tafi, ta ce ya ɗauka kuɗin makaranta ya biya.

Ya roƙe ta kada ta gaya wa kowa, ta rantse. Kafin yamma zumuntar matan majami’a duk sun ji.

A yammacin nan, yana dawowa daga gona sai Yemima mai kunu a bakin kasuwa ta kira shi. Gwauruwa ce, shekara biyu tana cika masa kofi fiye da na kowa, shi kuwa bai taɓa lura ba. Yau bai iya haɗa ido da ita ba. Ta miƙa masa kunu, ta ce ta ji wai yana neman mai taya shi hira, ita kuwa makirufonta lafiya lau. Ta tambaye shi yaushe zai zo ya gaida babanta.

Boaz ya shanye kunun, ya goge baki, ya ce a hankali, “Sai citta.”

Yemima ko ƙirgawa ba ta yi ba.

“Asabar ke nan,” ta ce. “Ka zo da ɗaya cittar ma, ta kunu ta ƙare mini.”