Kunnen Ozeme

Mijina Ozeme kurma ne, kuma jirgi ne ya cinye masa kunne. Shekara talatin yana zaune a gaban injin jirgin sama da aka ɗaure a bayan kwalekwale, farfela tana ihu a ƙeyarsa, yana ratsa fadamarmu ta ƙasan Luwiziyana a Amurka neman kada da kwaɗi. Na sha ce masa ya toshe kunnensa, ya ce auduga ta mata ce. To ga shi nan. Yanzu sai na tsaya a gabansa ya ga bakina kafin ya san zaginsa nake yi.

Jirgin nan nasa, wanda ya ƙera da hannunsa shekarar da muka yi aure, guguwa ta kifar da shi a bayan gida shekara goma sha tara da suka wuce. Nan ya zauna, kaji suna ƙwai a ciki. Tun daga lokacin ba mu sake taka Tudun Anatol ba, inda 'yarmu Odil take kwance. Tana da shekara biyar zazzaɓi ya ɗauke ta, ita kaɗai Allah ya ba mu. Da can duk ranar Dukan Tsarkaka, ɗaya ga Nuwamba, mukan je mu nome kabarin, mu shafe simintinsa da farar ƙasa, mu ajiye furanni, kamar yadda kowa yake yi wa nasa. Babu hanyar mota zuwa tudun. Mil tara ne na ciyawa da laka, ba abin da yake ratsa su sai jirgin farfela, da yake shi bisa ciyawa ma sulɓewa yake yi. Bayan guguwar Ozeme ya kama aikin walda a gari, ya ce ba zai je wa 'yarsa a jirgin aro ba, sai ya gyara nasa. Bana ta zama baɗi, baɗi ta zama kunya, har muka daina tayar da zancen.

A watan Agusta likita ya faɗa masa wata magana a kan zuciyarsa. Bai maimaita mini ba, ni ma ban tambaya ba. Da muka dawo gida ko takalmi bai cire ba ya zagaya baya ya kori kajin.

"Bana za mu je wajen yarinyar nan, tsohuwa," in ji shi.

Wata biyu yana kai. Ya like ɓulolin gindin jirgin, ya warware injin ɗaya bayan ɗaya a kan teburin cin abincina, ya sake ƙera kejin ƙarfen da yake kewaye farfela. Tsohuwar farfelar ta katako gara ta gama da ita, sai ya samo wata ta hannu mai fukafukai uku, irin wadda ake kwance noti a murɗa fiffiken yadda ake so.

Ana cikin haka Klobis ya zo, ɗan baffana ne, kuma shi ne uban baftismar Odil. Sana'arsa kamun ƙaguwa. Na zuba masa kofi a baranda, Ozeme yana can saman jirgi da sifana a hannu. Klobis ya ajiye kofin ya dube ni.

"Elbina, ki hana tsohon nan wahalar da kansa. Tudun nan babu shi."

"Kamar yaya babu shi? Tudu ne fa, ba akuya ba."

"Ruwan gishiri ya shigo ta magudanan da masu haƙar mai suka yanka, ya kashe ciyawar, laka ta bi ruwa. Yau shekara shida ke nan. Inda kaburburan suke ruwa ya kai mini ƙirji. Nakan kauce wa wurin, ba na sa tarko."

Na ce ya sha kofinsa ya tafi. Da ya tafi na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka, sannan na tuna ko a tsakar gida na yi ba mai ji na. Ban gaya wa Ozeme ba. Kullum sai in ce gobe. Mutumin da ya daina cin abinci ya dawo yana gama kwanon miyar gumbo yana neman ƙari, ni ce zan tsaya a gabansa in buɗe baki sosai don ya gane kowace kalma? Na kasa.

Da aka zo saita farfela, ni ce kunnensa. Akwai agogon da yake nuna gudun inji, amma Ozeme ya ce allurar maƙaryaciya ce tun tana sabuwa. Ya ɗaure jirgin da sarƙa a jikin icen ƙofar gida, ya zaunar da ni a kujera can gefe.

"Ki saurara da kyau. In ya yi gurnani ya kasa ɗaga murya, fukafukan sun cika cizon iska. In ya yi tsuwa kamar zai tsage, ba sa cizo."

"Ni za ka koya wa? Shekara talatin wa yake jin dawowarka tun daga mil uku?"

"Me kika ce?"

"Na ce ka tayar."

Ya taka mai. Wankin da na shanya ya tashi ya faɗa gidan maƙwabta. Na nuna masa ƙasa da babban yatsa, ya kashe, ya hau, ya kwance notuna, ya murɗa kowane fiffike kamar faɗin farce, ya ɗaure, ya sake tayarwa. Haka muka yi kwana tara. Abin da ake nema na sani: jirgin da zai hau laka da busasshiyar ciyawa, cizo kaɗan ake ba shi, inji ya yi ihu ya tura da dukan ƙarfinsa. Cizo mai zurfi na buɗaɗɗen ruwa ne, inda ake doguwar tafiya a hankali ba a son shan mai. Ni kuwa ina zaune ina taya shi neman muryar laka, alhali na san babu sauran laka. Na tsani kaina a kujerar nan.

Rana ta tara muka same ta. Muryar nan ce sak, wadda Odil takan ji ta ruga bakin ruwa ba takalmi. Ban iya ɗaga yatsa ba ma. Ya dubi fuskata ya kashe injin.

"Ita ce ko?"

Na gyaɗa kai.

Saura kwana biyu tafiya, ina dama farar ƙasa a bokiti, na ji ya tayar da jirgin. Muryar ta sauka, ta yi kauri. Na fita da ludayi a hannu na tsaya inda zai ga bakina.

"Me ka taɓa? Ya yi nauyi, tsoho. Wannan ba zai hau laka ba."

"Bar shi haka," ya ce, bai dube ni ba. "Je ki gama damunki."

Ran ɗaya ga wata muka fita da hantsi, bokitin yana tsakanin ƙafafuna, furanni a cinyata. Mil biyu muka yi cikin ciyawa, ita ma duk ta yi faci-faci. Daga nan ta ƙare. Ruwa ne toka-toka har inda ido ya tsaya, iska tana tayar da shi yana marin gefen jirgin, ga shi gefen bai fi tsawon hannu ba. Na waiwaya in ga fuskar Ozeme a kujerarsa ta sama. Bai rage gudu ba, bai ƙara ba. Injin yana tafiya sumul, kamar don wannan ruwan aka yi shi.

Can muka hango matattun itatuwa guda huɗu tsaye cikin ruwa, ba ganye ba ɓawo. Su ne itatuwan da muke cin abinci a inuwarsu in mun gama shafe. Jirgin farfela ba shi da birki, don haka tun daga nesa ya kashe, muka sulale har tsakaninsu. Ya sauko ya zauna kusa da ni.

"Tun yaushe ka sani?" na ce.

"Tun ranar da Klobis ya sha kofi. Kurma ne ni, ba makaho ba. Bakinsa kamar ƙofar gareji."

"Shi ne ka bar ni kwana tara a kujera?"

"Na ga ba ki faɗa ba, na ce ƙila ba ki yarda da shi ba. Ban so in zama ni na ce miki gaskiya ne." Ya share hancinsa da bayan hannu. "Kuma ina so ki sake jin muryar nan ko sau ɗaya. Ni ba zan ji ta ba."

Na mayar da idona kan furannin da ke cinyata.

Ya ɗauki doguwar gorar da ake tura jirgi da ita, ya miƙe. Ya auna da ido daga ice na biyu, wajen taki goma sha biyu gabas, ya tura mu can. Ya soka gorar, ta nutse cikin taɓo. Ya zare, ya matsa, ya sake sokawa. Ya yi haka ya fi sau talatin, numfashinsa yana fita da ƙyar, leɓensa ya canza launi. Na kama ƙafar wandonsa na ce ya isa, bai ga bakina ba.

Sai gorar ta tsaya. Ya ɗaga ta ya sake saukewa a hankali, sau biyu, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da ake barci. Ƙarar ta biyo gorar ta fito, ƙaramar ƙara, ta ice a kan siminti.

Ya juyo ya zuba wa bakina ido.

"Kin ji?"

"Na ji."

"Siminti ne, ko saiwar ice?"

"Siminti ne, Ozeme. Ita ce."

Ya riƙe gorar a wurin da hannu biyu don kada iska ta janye mu. Na kwance furannin na sa su a ruwa, suka bi iska suka yi yamma. Bokitin farar ƙasar yana nan tsakanin ƙafafuna, ya fara bushewa a baki-baki, ban san inda zan kai shi ba.

"Sake gaya mini," ya ce, ya ɗaga gorar.