Korar Kumai daga Sabon Layi

A shekarar da aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji, unguwar Sabon Layi da ke bayan garin Kafanchan ta cika da sababbin kaya. Gidaje goma sha huɗu ne kacal, na malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa, amma kusan kowane gida an shigo da rediyo ko keken ɗinki. Ba a yi wata biyu ba ɓarayi suka gano hanya.

Da rana tsaka suke zuwa, ranar Lahadi, sa'ad da kowa ke majami'a. Aka fara da gidan Martins mai duba tikiti a tasha, aka kwashe rediyo da agogon bango. Bayan mako biyu aka ɓalle tagar Lucy ungozoma, aka fita da keken ɗinkinta. 'Yan sanda sun zo, sun rubuta, sun tafi.

Malam Andrawus, hedimastan firamare kuma dattijon ikilisiya, shi ya fara gina gida a layin, don haka kowace magana wurinsa take ƙarewa. Abin ya dame shi ƙwarai, domin shi ya riƙa jawo abokansa su sayi fili, yana ce musu nan ko ƙofa ka bari a buɗe ba mai taɓa maka allura.

Mutum ɗaya ne ba ya zuwa sujada. Kumai sunansa, tsohon soja, wanda tun dawowarsa daga yaƙin basasa ya kama hayar ɗaki a gidan Afiniki, wata gwauruwa a ƙarshen layin, yana gyaran kekuna. Ba shi da yawan magana. Ranar Lahadi sai ya fito da benci ya zauna a ƙofar gida har a taso. Andrawus ya san shi tun yana yaro, shi ya koyar da shi a aji huɗu a Madakiya. Wata safiya ma Kumai ya tare shi, ya ce yana ganin wasu baƙin fuska suna zagaya layin. An riga an kaɗa ƙararrawa, sai Andrawus ya ce za su yi magana in ya dawo. Ya manta.

Da aka kira taron unguwa, Martins ya miƙe ya tambaya, wa ke ragewa a layin nan in kowa ya tafi? Afiniki ta ce gidanta da huɗun da ke kusa da shi ba a taɓa shiga ba. Martins ya ce ai wannan ita ce shaidar, ɓarawo ba ya sata a bakin ƙofarsa. Duk idanu suka koma kan Andrawus. Zuciyarsa ba ta yarda ba, amma mutane sun fusata, kuma yana so a ga ya yi wani abu. Matarsa Beatrice ta ce masa a gida kada ya sa hannu cikin abin da bai gani da idonsa ba. Bai ji ba.

Su huɗu suka je ɗakin Kumai suka bincika. Akwatin ƙarfe ɗaya, bargo, kayan gyara, sai wani tsohon Littafi Mai Tsarki. Ba rediyo, ba agogo. Duk da haka Andrawus ya ce, don zaman lafiya, gara ya nemi wani wuri.

Kumai ya dube shi ya ce, "Malam, kai ma ka yarda ni ne?"

"Ban ce kai ne ba. Na ce mutane ba su da kwanciyar rai."

Washegari da hantsi ya ɗaure akwatinsa a bayan keke ya tura, bai yi wa kowa sallama ba sai Afiniki.

Lahadi ta biyu bayan tafiyarsa aka shiga gida uku a ƙarshen layin, har da na Afiniki. Ana cikin wannan, Lucy ta je kasuwar Kagoro ta ga keken ɗinkinta a gaban wani mutum, ta gane shi da tabon da ke jikin katakon. Da aka kama mutumin, ya faɗi cewa su uku ne, daga wani gari suke zuwa. Ya ce can ƙasan layin a da ba sa kusantarsa, saboda wani soja da ya taɓa bin su da sanda har bakin rafi.

Andrawus ya yi wata guda yana cewa gobe zai je wurin Kumai. Ranar da ya hau babur ya nufi Madakiya, inda Kumai ya koma, a gona ya sami Kumai yana haƙar doya. Kumai ya gaishe shi da ladabi kamar ba abin da ya faru, ya ba shi ruwa. Andrawus ya faɗi duk yadda aka yi, ya nemi gafara, ya ce ɗakin yana nan.

"Na gafarta, Malam. Amma komawa, a'a."

Sai Andrawus ya yi tambayar da bai taɓa yi ba, me ya hana shi shiga majami'a. Kumai ya daɗe yana kankare ƙasa daga jikin doya. Ya ce tun wani abu da ya gani a yaƙi, in ya shiga ɗaki cike da mutane aka rufe ƙofa, numfashinsa ɗaukewa yake yi. Daga benci yakan ji waƙoƙin in iska ta juyo, yana bi a hankali.

"Shekara biyar ina layin, ba wanda ya tambaye ni."

Da zai tafi, Kumai ya zaɓi manyan doya uku ya ɗaure masa a bayan babur, ya ce a gaida Mama Beatrice. Andrawus ya so ya ƙi, amma ya karɓa.

A gida Beatrice ta saurari labarin. Da yamma ta daka sakwara da doyar, ta ajiye masa. Ya wanke hannu, ya zauna yana kallon kwanon har ta huce. A taron da ya biyo baya ya ce su nemi wani ya riƙa jagorar unguwa, shi ya sauka, aka yi ta roƙonsa bai sake karɓa ba.